Cinikin 'yan ƙwallo a Sudan: Jazira ke kiwo, Umdurman ke shan nono

A watan Oktoban 2025 ne hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Ruwanda ta amince wa kulob uku na Sudan su shiga gasar lig ɗinta, saboda yaƙin da ya hana su sakat a gida tun daga watan Afrilun 2023. Biyu daga cikinsu ba sai an gabatar da su ga mai karatu ba, wato Hilal da Marikh na birnin Umdurman. Na ukun kuwa shi ne Ahli na Wad Madani, babban birnin Jihar Jazira. Da lokacin fara wasa ya zo, manyan biyu suka kwashi ya-nasu-ya-nasu suka tare a Kigali, shi kuwa Ahli Madani ya janye. Wanda ya san yadda aljihun kulob-kulob na ƙasar yake bai yi mamaki ba, domin ɗaukar mutum talatin da wani abu a ciyar da su, a ba su masauki, a biya su albashi da kuɗin waje har tsawon kakar wasa, ba aikin kowane kulob ba ne.

Wannan tazara ba yaƙi ne ya kawo ta ba, ya dai tarar da ita ne ya ƙara buɗa ta. Tun da aka fara gasar ƙasa baki ɗaya a shekarun 1960, kulob uku kacal ne ban da Hilal da Marikh suka taɓa ɗaukar kofin: Murada, Burri, sai Hilal na Port Sudan a 1992. Murada da Burri kuwa duk 'yan babban birni ne, ke nan sau ɗaya tak kofin ya taɓa kwana a wajen Khartum da Umdurman. Yaron da aka haifa a shekarar da Port Sudan ta yi wannan abin a-zo-a-gani, yanzu ya haura shekara talatin, wataƙila ma da 'ya'yansa, amma bai taɓa ganin wani na uku ya ɗaga kofin ba.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da ke faruwa idan mutum biyu suka kame kasuwa. Su ne masu yanke farashi, su ne masu zaɓen kaya kafin kowa, saura kuwa sai abin da suka rage. A kasuwar 'yan wasan Sudan haka abin yake, kuma cikin masu kawo hajar har da ƙauyukan 'yan uwanmu Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu.

Inda ake kiwon

Ga wanda bai san tarihin ba, zaman Hausawa da Fulani a wannan yanki ya samo asali ne daga hanyar aikin Hajji ta ƙasa, sannan ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi, kudu da Sinnar kaɗan. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta jawo ƙarin dubban mutanen yamma. Wasu suka kafa ƙauyukansu, wasu suka zauna a matsugunan leburori na gefen gonaki waɗanda ake kira kambo, jam'insu kanabi. Daga Hasahisa zuwa Manaƙil, daga Sinja zuwa Rusairis da Damazin, da wuya ka yi tafiyar sa'a guda ba ka ji Hausa ba.

A irin waɗannan wurare, da zarar an yi La'asar sai fili ya cika. Mutanen Sudan na kiran wannan ƙwallo ta unguwa dafuri: babu takalmi, babu alƙalin wasa, duwatsu biyu ne raga. Wanda ya yi fice a dafuri sai a ja shi ƙungiyar unguwa, ya buga gasar watan azumi da ake yi da dare, daga nan wani kulob na aji uku ko aji biyu da ke ƙarƙashin hukumar ƙwallon yankin ya rubuta sunansa. In da rabo ya kai ajin farko a Madani ko Sinnar. Sama da wannan sai babbar gasa da ake kira Mumtaz, wadda aka fara da wannan tsari a tsakiyar shekarun 1990. Jazira ta sha samun wakilai a ciki, irin su Ahli da Ittihad da Jaziratul Fil, dukkansu na Madani, da kuma Nil na Hasahisa. Ittihad ma ya taɓa cin Kofin Sudan a 1990.

To amma wa ke ɗaukar nauyin wannan doguwar hanya? Mai shago ne a kasuwar gari da ke sayen riguna, mai lori ne da ke kai yara wasa ƙauyen gaba bai karɓi ko kuɗin mai ba, malamin firamare ne da ke horar da su kyauta. Shekara biyar, shekara bakwai ana wannan hidima. Ranar da yaro ya nuna, sai mota ta zo daga birni.

Kakar tasjilat

Lokacin rajistar 'yan wasa, wanda ake kira tasjilat, shi ne babbar kasuwar shekara, kuma jaridun wasanni na Khartum, waɗanda kafin yaƙi suke da yawan gaske, ba su da wani ciniki da ya wuce na wannan lokaci. Akwai wata al'ada da ta shahara da sunan ɗakin rajista. Idan kulob ya daidaita da ɗan wasa, sai a ɗauke shi a ɓoye a wani gida ko otal, a raba shi da waya, a sa masu gadi, har ranar da za a kai shi ofishin hukuma ya sa hannu, don kada abokin hamayya ya bi dare ya ƙara masa farashi. Mai sayen shanu a kasuwar Maigatari ko Illela zai gane wannan dabara, domin shi ma in ya taya sa aka sallama, ba ya barin sa a turken dillali ya kwana.

Kuɗin kuwa ba daga cinikin ƙofa ko haƙƙin nuna wasa a talabijin suke fitowa ba, galibi daga aljihun attajiran da ke shugabantar kulob ne. A shekarun 2000 Jamal al-Wali ne ke riƙe da Marikh, Salah Idris na riƙe da Hilal, daga baya Ashraf al-Kardinal ya karɓi Hilal a 2014. Kowannensu magoya baya na auna shi ne da irin 'yan wasan da ya kawo a tasjilat, musamman in ya fizgo su daga hannun maƙwabci. Haisam Mustafa, wanda ya yi shekara goma sha bakwai a Hilal har ya zama kyaftin, ya koma Marikh a ƙarshen 2012, gari ya ɗauka. Bakri al-Madina ya bi wannan hanya a 2014. A 2020 kuma aka samu 'yan wasan Marikh uku, Ramadan Ajab da Muhammad Rashid da Bakhit Khamis, da sa hannunsu a takardun kulob biyun, rigimar da sai da ta kai kotun wasanni ta duniya da ke ƙasar Suwizalan.

Ana wannan kokawa ta giwaye, ƙaramin kulob na Jazira yana gefe da bashin masauki da na mota. Idan aka zo neman yaronsa, ba ya cikin halin ja-in-ja. Manoman yankin suna da kalmar da ta dace da wannan ciniki, wato shel: manomi ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a kan dawa ko riɗin da bai girbe ba, da farashin da bai kai rabin na kaka ba. Haka ƙananan kulob ke sayar da 'yan wasansu. A ba su 'yan kuɗi a hannu, wani lokaci a haɗa da ƙwallaye da riguna, shi ke nan an rabu. In yaron ya zama tauraro aka sayar da shi Masar ko Libya ko ƙasashen Larabawa na Gulf da ninkin-ba-ninkin, waɗanda suka raine shi sai dai su gani a talabijin.

Wani abin takaicin ma shi ne, ba duk wanda aka saya ake sawa a fili ba. Sau da yawa babban kulob kan sayi yaro don kawai kada ɗayan ya samu. Ya yi shekara biyu a benci, ƙafa ta yi sanyi, a tasjilat na gaba a soke sunansa don a samar wa wani gurbi. Kulob ɗinsa na asali ya rasa shi, gasa ta rasa shi, shi kuma ya rasa shekarun da ba za su dawo ba.

Zamanin kuɗin mai da 'yan Najeriya

Masu bin ƙwallo a Kano da Katsina da Maraɗi za su tuna lokacin da Sudan ta zama wurin zuwa ga 'yan wasan Najeriya. Ƙasar ta fara fitar da man fetur a 1999, kuɗi suka shigo, Fam ɗin Sudan ya yi ƙarfi har Dala ɗaya ba ta wuce Fam biyu da 'yan kai ba a 2008. Kelechi Osunwa ya bar Dolphins na Fatakwal ya tafi Hilal, daga baya ya tsallaka Marikh. Yusuf Muhammad ya bar Enyimba ya zama ginshiƙin bayan Hilal. Endurance Idahor ya je Marikh a 2006, ya ci musu ƙwallaye ba adadi, kuma a cikin rigarsu ya faɗi a fili ranar 6 ga Maris, 2010, ana wasa da Amal na Atbara, rai ya yi halinsa. Cinikin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Stephen Worgu, wanda ya ci wa Enyimba ƙwallo 13 a gasar Zakarun Afirka ta 2008, Marikh ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai Dala miliyan 2.6. A lokacin, ko wasu kulob na Turai sai sun yi tunani kafin su fitar da irin wannan kuɗi a kan ɗan wasan da ke buga gasar cikin gida a Afirka.

Ba za a ce kuɗin sun tafi a banza ba. Marikh ya kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na Afirka a 2007, inda Sfaxien na Tunisiya ya doke shi. Hilal ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka a 2007 da 2009 da 2011, a 2015 kuwa su biyun duka suka kai wannan mataki. Sai dai kofin Afirka ɗaya da wani kulob na Sudan ya taɓa ci har yanzu shi ne na 1989, lokacin da Marikh ya doke Bendel United na Najeriya, kuma da 'yan gida ya yi wannan aiki, tun kafin zamanin Dala.

Abin lura a nan shi ne inda kuɗin suka nufa. Miliyoyin sun fita waje ne, zuwa Aba da Fatakwal da aljihun dillalai, ba su gangara Madani ko Hasahisa ba. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, sai Fam ya fara zubewa. A watan Fabrairun 2021 gwamnati da kanta ta mayar da farashin Dala daga Fam 55 zuwa 375 a rana ɗaya. Kwantiragin da aka rubuta da Dala ya zama ƙaya a wuya, ƙorafin 'yan wasan waje da masu horarwa ya yi ta zuwa gaban FIFA. Duk wanda ya taɓa karɓar kaya bashi da Sefa yana sayarwa da Naira ya san irin wannan ciwon kai.

An taɓa gwada wata hanyar. Bayan Salah Idris ya bar shugabancin Hilal, ya zuba dukiyarsa a Ahli na garin Shandi, kulob ɗin ya kai zagayen rukuni na Kofin Ƙalubale a 2012, Osunwa ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2016 yana sanye da rigarsu, suka kuma ci Kofin Sudan a 2017. Wannan ya nuna cewa ana iya girgiza manyan biyu daga wajen babban birni. Amma gini ne a kan mutum ɗaya, kuma kulob da ke numfashi da aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya, sai a nemi kulob a rasa.

Yadda masu zari-ruga suka yi da tasu matsalar

Ba Sudan kaɗai ta taɓa shiga wannan hali ba, kuma darasi mafi kusa ya fito ne daga wani wasa da ba mu saba da shi ba. A ƙasar Ostireliya akwai nau'in ƙwallon zari-ruga na mutum goma sha uku-uku, wanda a biranen Sidni da Birisben ya fi ƙwallon ƙafa farin jini nesa ba kusa ba. Su ma sun yi zamanin da kulob ke riƙe ɗan wasa kamar kayan gado, ko kwantiraginsa ya ƙare ba ya motsi sai da izini. Wani ɗan wasa mai suna Dennis Tutty na kulob ɗin Balmain ya gwammace ya zauna ba wasa ya kai ƙara, a 1971 babbar kotun ƙasar ta ba shi gaskiya. Shekara 24 ke nan kafin kotun Turai ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Jean-Marc Bosman a watan Disamban 1995, wanda ya bai wa ɗan ƙwallon ƙafa damar tafiya kyauta in kwantiraginsa ya ƙare.

Da 'yan wasa suka samu 'yanci, sai masu kuɗi suka fara kwashe na kirki, ƙananan kulob suka shiga cin bashi don su kamo su. Hukumar wasan ta fito da magani biyu. Na farko, a 1990, ta sa iyaka ga jimillar albashin da kowane kulob zai biya 'yan wasansa a shekara. Na biyu, ta ce ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare zai shiga wani jeri, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a gasa shi zai fara zaɓa. Wannan na biyun bai yi shekara biyu ba, 'yan wasa suka kai ƙara, kotu ta rushe shi a 1991, bisa hujjar cewa ba a tilasta wa mutum wurin da zai nemi abincinsa. Iyakar albashi kuwa ta zauna, a 2023 ta haura Dalar Ostireliya miliyan 11 ga kowane kulob.

Sakamakon ya fito fili. Daga 1999 zuwa 2005 kulob bakwai daban-daban ne suka ci kofin, kowace shekara da sabon zakara, kuma sai a 2019 aka samu wanda ya kare kambinsa. Dalili shi ne, kulob ɗin da ya yi nasara farashin 'yan wasansa kan tashi, iyaka kuma ba ta barin sa ya riƙe su duka, dole ya saki wasu su tafi inda ake da gurbi. Gasar da ba a san mai cin ta ba kuwa ita ke cika fili, ita gidajen talabijin ke rububin saye, daga kuɗin talabijin ɗin ne kuma hukumar ke bai wa kowane kulob kason da ya zarce iyakar albashin kanta.

Amma kada mai karatu ya ɗauka abin ya tafi sumul. A 2002 an kama Canterbury da ƙetare iyaka aka zabtare masa maki 37. A 2010 aka gano Melbourne Storm na ajiye littafin lissafi biyu, ɗaya na nuna wa hukuma, ɗaya na gaskiya a ɓoye. Aka ƙwace kofunansa na 2007 da 2009, aka sa shi ya buga sauran kakar ba tare da maki ba. A Ingila ma akwai irin wannan iyaka a gasarsu ta zari-ruga, amma daga 1996 har 2024 kulob huɗu ne kawai ke karɓa-karɓa da kofin, sai a 2025 Hull KR ya karya wannan layi. A can Ostireliya kuma Penrith ya ci sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, duk da cewa kowace shekara sai iyaka ta raba shi da wasu taurarinsa, saboda yana da makarantar yara da ke cike gurbi nan take.

A ganina, ɗauko iyakar albashi a dasa a Sudan yadda take ba zai yi aiki ba. Wurin da ake biyan ɗan wasa da kuɗi a jaka, ko a ba shi mota ko fili, wane mai binciken lissafi ne zai bi sawu? In Melbourne ya iya ajiye littafi biyu a ƙasar da komai ke bi ta banki, a Umdurman sai a ajiye biyar. Bugu da ƙari, Hilal da Marikh suna karawa ne da Ahli na Masar da Esperance da Sundowns, waɗanda ba wanda ya ɗaure musu hannu. Abin ɗauka daga Ostireliya shi ne tunanin da ke bayan dokar: ba a hana ɗan wasa tafiya, amma ana tsara tafiyar yadda kuɗi da gwaninta za su riƙa zagayawa.

Haƙƙin da ke kwance a takarda

Wani ɓangare na wannan tsari ma yana nan a rubuce, ba a dai cin moriyarsa ne. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da kashi 5 na wannan kaso, sauran takwas ɗin kowace tana da kashi 10. Mu ɗauka an sayar da yaro Dala 200,000. Kason raino ya zama Dala 10,000. Kulob ɗin ƙauyen da ya riƙe shi daga shekara 12 zuwa 17 yana da kashi 40 na wannan, wato Dala 4,000, kuma in aka sake sayar da shi gaba, a sake biya. Ga kulob ɗin da ke tara kuɗin mota da karo-karo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris wanda aikinsa shi ne karɓar irin waɗannan kuɗi ya tura wa masu su.

Sharaɗin dai ɗaya ne, sai sunan yaron ya kasance a rajistar hukuma a ƙarƙashin kulob ɗin, shekara bi shekara. Ƙungiyar unguwa da ba ta da rajista ba ta da ko sisi, ko da ita ta koya masa ɗaure takalmi. A nan ne matsalar ta fi cizon Hausawa. Rajista na buƙatar takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa, alhali mazauna kanabi da ƙauyuka da dama, waɗanda a nan aka haifi kakanninsu, sun daɗe suna shan tambayoyi kafin su samu waɗannan takardu. Mai karatu zai iya tuna zanga-zangar da Hausawa suka yi a Gadarif da Kasala da Port Sudan a 2008, bayan wata jarida ta jingina wa Shugaba Umar al-Bashir maganar cewa su ba 'yan ƙasa ba ne, maganar da fadarsa ta musanta. A daidai wancan zamani, manyan kulob na samar wa baƙin 'yan wasa takardar zama ɗan ƙasa don su kauce wa dokar da ta ƙayyade yawan 'yan waje. Baƙon da ya sauka jiya da jirgi ya samu, jikan mai tsinkar auduga yana layi.

Na biyu, kason FIFA bai shafi cinikin cikin gida zalla ba, kamar daga Madani zuwa Umdurman. Wannan an bar wa hukumar kowace ƙasa ta tsara nata. Kafin a samu haka, abin da ke hannun ƙaramin kulob shi ne ya rubuta a takardar ciniki cewa yana da kashi kaza, 15 ko 20, na duk abin da aka sayar da yaron nan gaba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya ba da saniya kiwo ya san yadda ake raba 'ya'ya, ba a cewa makiyayi ya tafi da ladan Allah kawai. Haka nan batun aro: maimakon yaro ya ruɓe a benci, a dawo da shi kulob ɗinsa na asali ya buga shekara guda, babban kulob na biyan albashi. Ita ma FIFA tun 2022 ta taƙaita yawan 'yan wasan da kulob ɗaya zai tura aro waje, don hana masu kuɗi tara 'yan wasan da ba sa buƙata. Dubi Ahmed Musa: aro ne ya kai shi Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce VVV Venlo na Holan, sai CSKA Moscow a 2012, sai Leicester a 2016. Kowane tsalle a cikin waɗannan ciniki ne da doka ta ce a waiwayi masu raino.

Bayan ɓarin wuta

Duk wannan lissafi ana yin sa ne a kan ƙasar da ta sha wuya. Tun kafin babban yaƙin, rikicin ƙabilanci na 2022 a Jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, ya kuma raba dubban Hausawa da gidajensu a yankin Rusairis da Wad al-Mahi. Dakarun RSF sun kama Madani a watan Disamban 2023, suka shiga Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a watan Nuwamban wannan shekara, Madani kuma a Janairun 2025. Mazauna kanabi sun sha daga kowane ɓangare. Gasar Mumtaz ta tsaya cik. Hilal da Marikh suka tafi Muritaniya suka buga kakar 2024/2025, Hilal ya ƙare a saman tebur, ya kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Zakarun Afirka. Sauran 'yan wasa kuwa kowa ya kama gabansa, da yawa suka nufi Libya, inda hukumar ƙwallon ƙasar ta yarda a ɗauke su kamar 'yan gida.

Wannan watsewa, duk da zafinta, ta buɗe wa ɗan wasan Sudan kasuwar da a da bai cika leƙawa ba. Ƙungiyar ƙasa a ƙarƙashin Kwesi Appiah ɗan Ghana ta lallasa Najeriya da ci 4 da nema a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a watan Agustan 2025, ta kuma tsallake zagayen rukuni a gasar cin Kofin Afirka da aka yi a Maroko. Idon dillalai ya dawo kan Sudan, na gaskiya da na bogi. Iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa da sunan ƙwallo, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa, kuma dillalin gaskiya ba ya cewa a sayar da gona a ba shi kuɗin biza. Wanda ya nemi kuɗi tun kafin a ga takardar gayyata daga kulob, a bincike shi kamar yadda ake binciken baƙon da ya zo karɓar kaya bashi.

A watan Yulin 2025 aka yi wata gajeriyar gasa a Atbara da Damar, karo na farko da aka buga babbar ƙwallo a cikin ƙasar tun ɓarkewar yaƙin. Hilal ya zo na ɗaya, Marikh na biyu, kamar yadda aka saba. Ahli Madani, wanda garinsa bai fi wata shida da fita daga hannun RSF ba, ya samu tikitin Kofin Ƙalubale na Afirka, aka haɗa shi da Etoile du Sahel na Tunisiya a zagayen farko, aka fitar da shi. Su ma hukumomin ƙwallo na Madani da Sinnar da Damazin aikin da ke gabansu shi ne sake tattara sunayen kulob da na 'yan wasa bayan shekarun gudun hijira. Attajiran kasuwar Gallabat da Gadarif da Damazin da ke sayen riguna da ƙwallaye don ƙungiyar ƙauyensu, in sun ware wani abu daga ciki suka biya kuɗin rajistar ƙungiyar, suka taimaka wa yaran 'yan shekara 12 da 13 suka samu takardar haihuwa, to sunan ƙauyen zai shiga littafin da ofishin Faris ke dubawa ranar rabo.